Gwajin Kimiyya Da Batir Da Gishiri: Darasin Da Ke Iya Ceton Rai

Malaman kimiyya da yawa sukan yi kukan rashin kayan aiki, amma akwai gwajin da ba ya bukatar kome sai batirin tocila huɗu, da waya, da ƙaramin ƙwan fitila irin na LED, da bakin fensir guda biyu. Manufarsa ita ce ɗalibai su gane wane abin sha ne ke ɗauke da sinadaran da ake kira ilaktorolait, wato irin su sodiyam da fotasiyam, waɗanda idan suka narke a ruwa sukan ba wutar lantarki hanyar wucewa. Michael Faraday na Ingila ne ya fito da wannan suna a shekarar 1834.

Kafin ranar gwaji, wajibi ne malami ya zauna da ɗalibansa su tsara aikin. A tanadi tataccen ruwa, da ruwan sukari, da ruwan gishiri, da zoɓo, da lemon kwalba, da ruwan lemon tsami, kowanne a kofinsa kuma daidai wa daida. A haɗa batir da ƙwai da bakin fensir ɗin, a tsoma su cikin kofi ba tare da sun taɓa juna ba. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta canja, a ɗauraye su bayan kowane kofi, a kuma maimaita sau uku ana rubutawa. Tun da fari kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake zato, domin a gwada zatonsa da abin da ido ya gani. Kada a kuskura a yi amfani da wutar gida, kada kuma a sha abin da aka gwada.

Za a tarar tataccen ruwa da ruwan sukari ba su kunna ƙwan, amma ruwan gishiri yakan haska shi sosai. Sai dai a lura: tsami ma yana ba lantarki hanya, saboda haka hasken lemon tsami ko lemon kwalba ba shaida ba ne cewa suna da gishirin da jiki ke bukata.

A nan ne darasin ya shafi kowane gida. Yaron da gudawa ta kama yana zubar da ruwa tare da waɗannan sinadarai, kuma lemon kwalba ba ya mayar da su, yawan sukarinsa ma kan ƙara tsananta ciwon. A shekarar 1971, Dokta Dilip Mahalanabis ya ceci rayuka masu yawa daga kwalara a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash da ke Indiya, ta hanyar shayar da su ruwan gishiri da sukari. Sukarin yana taimaka wa hanji ya tsotse sodiyam, ruwa kuwa ya bi bayansa. Ma'aunin gida shi ne ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Ɗalibin da ya ga ƙwai ya kama a gabansa ba zai manta ba ranar da ƙaninsa ya kwanta. Muna fata shugabannin makarantu za su ba wannan gwaji lokaci a cikin wannan zango.