TADA TSOHUWAR MOTA A FULATARI

A Amurka, masu hali kan sayi tsohuwar mota mai ƙarfin inji, irin Ford Mustang da ta fito a 1964, su raya ta cikin garejin gidansu don sha'awa. A Fulatari, cikin gundumar Maine-Sorowa ta jahar Difa, larura ce ke sa wannan aiki.

Ƙasar makiyaya ce, hanyarta rairayi. Mai ciwo ko mace mai naƙuda ba sa isa asibitin Difa sai da kat-kat. Shi ya sa ba a yar da tsohuwar Land Rover. An fara ƙera ta a Ingila a 1948, jikinta kuwa na alminiyom ne, ba ya tsatsa. Abin da ke kashe ta yashi ne: ya bi iska ya shiga inji, ya cinye zobban fistan, mota ta kama hayaƙi da shan mai. Makaniki ya sauke injin a tsakar gida, ya wanke, ya sake zobba, ya ɗinke shasi da walda.

Wahalar tana wajen kayan gyara. Da can daga Maiduguri ake kawo su, a ƙetaro Komadugu. Bayan harin Boko Haram a Boso da Difa cikin Fabrairun 2015, hanyar ta yi wuya. Hukuma kuma ta hana hawan babur, sai bukatar mota ta ƙaru. Makanikai suka koma kwance motoci biyu matattu domin su tada guda.