Ƙurajen Aski: Kilifar Da Ta Fi Kwashe Gashi Ita Ce Ta Fi Ɓata Fuska

A 'yan shekarun nan kayan aikin masu aski a Birnin Kebbi da Argungu sun sauya. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa tayar da janareta domin aske kai ɗaya ya zama asara, sannan gobarar da ta tashi a tashar rarraba wutar lantarki ta Birnin Kebbi a watan Satumbar wannan shekarar ta nuna wa masu sana'a cewa dogaro da wutar gwamnati kaɗai ba zai fisshe su ba. Da yawa sun koma ga kilifa mai caji, irin su Kemei da VGR, masu hali kuma su sayi Wahl ko Andis.

Tare da kilifar akwai wasu ƙananan injuna biyu da suka shigo shaguna: mai siririn baki da ake fitar da layin goshi da na gemu, da kuma mai raga wanda ke goge fata ta yi sumul kamar an bi ta da reza. Mai saye yakan auna kyan inji da yadda yake kwashe gashi tas. Sai dai ga mutumin da gashinsa yake a murɗe, kamar yadda na yawancin mutanen wannan yanki yake, wannan kwashewar ce ke haifar da ƙurajen da ke fesowa a haɓa da wuya kwana biyu ko uku bayan aski.

Yadda gashi ke komawa cikin fata

Likitoci suna kiran wannan larura pseudofolliculitis barbae, sunan da wasu likitocin fata biyu na Amurka, Strauss da Kligman, suka ba ta a 1956. Asalinta ba ƙwayar cuta ba ce, gashin mutum ne da kansa yake sukar fatarsa.

Ramin da murɗaɗɗen gashi ke tsirowa daga cikinsa a lanƙwashe yake, don haka gashin yana fitowa ne a karkace. Idan aka yanke shi dab da fata, bakinsa yakan yi tsini kamar an feƙe fensir. Daga nan abu biyu ke faruwa. Ko dai ya fito waje ya lanƙwaso ya soki fata a gefe, ko kuma, idan an yanke shi ƙasa da saman fata, ya huda bangon raminsa tun bai fito ba. Jiki yana ɗaukar wannan gashi tamkar ƙaya ce ta shige shi, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya tara mugunya. Bayan ya warke yakan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya dishe, ga wasu kuma tabon yakan tashi ya yi tauri.

Likitocin fata a Amurka sun ƙiyasta cewa larurar kan taɓa har kashi 60 cikin 100 na maza baƙar fata. A rundunar sojin ƙasar an daɗe ana bai wa masu ita takardar izinin barin gemu, amma a 2025 sakataren tsaro Pete Hegseth ya ba da umarnin a riƙa sallamar sojan da ya wuce shekara guda yana buƙatar wannan izini. Wato ƙurajen aski na iya kai mutum ga rasa aiki. A nan gida ma masu aikin ɗamara, irin sojojin barikin Dukku da 'yan sanda, waɗanda tsarin aikinsu ya tilasta musu askin fuska a kai a kai, suna cikin waɗanda abin ya fi damu.

Inda inji ke ƙara dagula lamarin

Rezar zamani mai baki biyu, wadda kamfanin Gillette ya fara fitarwa a 1971, an ƙera ta ne yadda baki na farko zai ɗago gashi, na biyu ya yanke shi kafin ya koma. Sakamakon haka gashin yana nutsewa ƙasa da fata. Yau akwai masu baki uku har biyar. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan ci gaba ne, ga mai murɗaɗɗen gashi kuwa hanya ce ta kiran ƙuraje. Injin raga ma kusa da haka yake yi idan aka danna shi da ƙarfi ana maimaita wuri ɗaya.

Kilifa tana da baki biyu, ɗaya a tsaye ɗaya yana kai da komo. Masu aski da yawa sukan kwance sukurorin su matso da bakin biyu har su daidaita, domin layi ya fito da kyau. Wannan saiti yana yanke gashi dab da fata, kuma idan mai motsin ya ɗan zarce, sai ya riƙa kartar fatar. Ga kuma bakin da ya dakushe, ko batirin da ya kusa mutuwa: inji ya rage gudu, ya daina yanka ya koma fizga, gashi ya karye da baki mai kaifi. Bakin ƙarfe da ya yi zafi saboda rashin mai da yawan aiki, musamman a cunkoson jajibirin sallah, shi ma yana ƙona fata.

Askar wanzami baki ɗaya ce, ba ta ɗago gashi kamar rezar zamani, kuma wanzami yakan jiƙa gashi da ruwa da sabulu kafin ya fara, abin da ke tausasa shi. Amma yana ja da fata da yatsunsa domin askar ta bi sosai, kuma da zarar ya saki, gashin sai ya koma ciki. Saboda haka mai ƙurajen aski ba ya tsira don ya bar shago ya koma wurin wanzami, muddin askin ƙwal-kwabo ake yi masa.

Da yake maza da yawa a Kebbi suna barin gemu, ƙurajen sun fi fitowa a inda ake gyaran fuska: ƙarƙashin haɓa, kan maƙogwaro, da layin kumatu. A wuya gashi ba ya bin hanya ɗaya, shi ya sa nan ne abin ya fi tsanani. Zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, yana ƙara gumi da gogar wuyan riga. Manomin shinkafa a fadamar Rima da masunci suna yini cikin rana, ita kuma rana tana ƙara wa tabon duhu.

Ba kowane ƙurji ne na aski ba

Ƙurajen da ke taruwa a ƙeya su yi tauri, har su haɗe su zama tabo mai tudu da gashi ba ya tsirowa a kai, larura ce dabam da ake kira acne keloidalis nuchae. Askin ƙeya dab da fata da gogar wuyan riga ko hula suna tayar da ita, kuma tana buƙatar likita tun tana ƙarama. Zuba mata ruwan batir, baƙin mai ko wani sinadari mai ƙuna, kamar yadda wasu ke yi, yana mayar da ƙaramin ƙurji babban tabo na har abada.

Akwai kuma cututtukan da kayan aski ke ɗauka daga wani kai zuwa wani, irin su makero da ƙwayoyin cutar da ke sa maruru. Mafi haɗari ita ce ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda kan rayu aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe. Wuce bakin kilifa ta harshen wuta na daƙiƙa biyu, ko goge shi da fetur ko kananzir, ba ya isa. Akwatin shuɗin haske da ake gani a wasu shaguna ma haskensa ba ya kaiwa tsakanin haƙoran kilifa inda datti ke maƙalewa. Abin da ya kamata shi ne a share gashi da buroshi, a jiƙa bakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, reza kuma a buɗe sabuwa a gaban mai aski. Mallakar kilifa ta kai tana kawar da wannan haɗari, amma ba ta hana gashi komawa cikin fata idan saitinta bai canza ba.

Magani

Mataki na farko shi ne a daina aske wurin na kimanin mako 4. Gashin gemu yana tsawon kusan santimita 1 a wata, kuma da ya yi tsawo yakan zare bakinsa daga fata da kansa. A wannan lokaci ana ɗora tsumma mai ɗumi na 'yan mintuna, a goga wurin a hankali da buroshi mai laushi. Gashin da aka ga ya lanƙwasa a waje ana iya ɗago bakinsa da tsabtatacciyar allura, amma kada a tuge shi, domin sabon da zai tsiro daga ƙasa zai sake huda fata.

Likita kan rubuta man shafawa mai benzoyl peroxide ko clindamycin idan akwai mugunya, da adapalene ko tretinoin domin rage taurin fata da tabo, wani lokaci da ƙwayoyin doxycycline. Mayukan da ke ɗauke da clobetasol, waɗanda ake samu a kemis da wurin masu man bilicin, suna kwantar da ƙurji na ɗan lokaci, amma daɗewa a kansu yana sirantar da fatar fuska ya kawo wasu ƙurajen. Garin cire gashi irin Magic yana narkar da gashi ya bar shi ba tsini, sai dai yana ƙona fata idan ya wuce lokacinsa, don haka a fara gwada shi a ƙaramin wuri. Wanda ƙurajensa suka ƙi ci suka ƙi cinyewa ya nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Babban Asibitin Argungu, inda za a iya tura shi ga likitan fata.

Maganin da ya fi ɗorewa shi ne rage gashin da hasken leza. Nau'in da ya dace da baƙar fata shi ne Nd:YAG mai tsawon zango nanomita 1064, domin haskensa yana ratsa saman fata ya isa tushen gashi. Ana yin sa sau da yawa, kuma an fi samunsa a asibitoci masu zaman kansu na Abuja da Legas. Ƙananan na'urorin IPL da ake tallatawa a intanet domin amfanin gida ba su dace da fata mai duhu ba: launin fatar yana zuƙe hasken, sai ya ƙona ta.

Abin dubawa kafin sayen kilifa

A nemi mai hannun saiti a gefe da kuma matajan roba da ake maƙala wa baki. Lamba 1 tana barin kimanin milimita 3, rabinta kuma milimita 1.5, alhali abin da fata ke buƙata shi ne a bar aƙalla milimita 1. A zaɓi mai batirin lithium da ke nuna yawan cajin da ya rage, domin kada a yi aski da inji mai fizga. Baki na tangaran ba ya saurin zafi kamar na ƙarfe. A riƙa ɗiga wa baki mai, kuma kada a bar inji a rana ko cikin mota, domin zafi yana kashe batir.

A wurin aski kuwa, a bi da inji ta inda gashi ya kwanta, kada a ja fata, kada a maimaita wuri ɗaya. Mai zuwa shago ya faɗa wa mai aski tun kafin ya zauna cewa a buɗe bakin kilifa, a fitar da layi ba tare da dannawa ba, kuma kada a bi wuya da reza ko injin raga. Fuskar ba za ta yi sumul irin na ranar ɗaurin aure ba, amma bayan 'yan makonni ƙurajen za su ragu, tabon kuma ya fara dishewa.