Wasan Wuta a Kogin Sumida: Hoton Hiroshige

A birnin Edo na ƙasar Japan, wanda ake kira Tokyo a yau, akwai wani biki mai suna "buɗe kogi". Kowace shekara, ran 28 ga wata na biyar na tsohuwar kalandarsu, jama'a sukan taru a gadar Ryogoku da ke kan kogin Sumida don shan iska, domin lokacin ne zafi yake kankama. Masu hali su yi hayar jiragen ruwa, talakawa su cika gada maƙil. Da dare ya yi sai a shiga harba wasan wuta sama.

Wannan dare shi ne Utagawa Hiroshige (1797-1858) ya zana a shekarar 1858, cikin jerin hotunansa na shahararrun wurare ɗari na Edo. A shekarar nan ce kuma ya rasu, lokacin da annobar kwalara ta afka wa birnin. Abin mamaki, fiye da rabin hoton duhun sama ne kawai. Gada da jirage da fitilunsu suna can ƙasa, mutane kuwa ƙanana ne kamar tururuwa.

Sunan Hiroshige ne ya shahara, amma ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Shi dai ya zana a takarda. Masassaƙi ya manna zanen a kan allon katako, ya sassaƙe duk inda babu layi, har zanen na asali ya salwanta. Kowane launi kuma da nasa allon. Daga nan mai bugawa ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Mai shago shi ya biya su duka, ya sayar da araha ga mutanen gari.

Duhun nan da ke jan ido aikin mai bugawa ne. Da hannu yake shafa baƙin, ya yi kauri a nan, ya dusashe a can, har zanen jikin katakon yakan fito a sararin sama. Shi ya sa idan aka jera bugu biyu na hoton, da wuya su zo daidai, kuma masana sun fi daraja bugun farko, kafin allo ya gaji.