Kafin a Biya Kuɗin Karatun Lauya, a Tambayi Kujera

A watan Janairun 2025 hukumar JAMB ta sanar da cewa ba za ta bayar da gurbin karatun lauya a jami'o'i takwas ba a zangon 2025/2026, ciki har da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil da ke nan Kano. Daga rumfunan Kantin Kwari zuwa shagunan cike fom na Sabon Gari, magana ta bazu cewa gwamnati ce ke son hana ɗan talaka zama lauya. Maganar tana da daɗin ji, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Umarnin ya fito ne daga Majalisar Kula da Ilimin Shari'a, wadda ke riƙe da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya.

Abin da iyaye da yawa ba su gane ba shi ne digiri kaɗai ba ya mai da yaro lauya. Bayan shekara biyar a jami'a, sai ya yi shekara guda a makarantar horarwa, wadda aka kafa da dokar 1962, hedkwatarta na Bwari a Abuja, reshenta na Kano kuma yana Bagauda. Sai ya ci jarrabawarta a rantsar da shi, a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, kafin ya tsaya gaban alƙali da baƙar riga.

Wannan makaranta kuwa ba ta ɗaukar kowa da kowa. Majalisar ta yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, gwargwadon malamanta da ɗakin karatunta da ajujuwanta. Lamarin kamar kujerun aikin Hajji yake: idan an ba wakili kujera hamsin ya karɓi kuɗin mutum ɗari biyu, kowa zai riƙe rasit a hannu, kowa zai yi bankwana da 'yan uwa, amma mutum hamsin ne za su hau jirgi, saura su yi ta kwana a sansani. Haka ɗalibin jami'ar da ta zarce adadinta zai gama digiri da sakamako mai kyau, ya zauna gida shekara biyu ko uku yana jiran layi ya zo kansa, alhali abokin karatunsa na wata jami'a tuni ya fara shiga kotu. A ƙarshen 2023 Majalisar ta dakatar da Jami'ar Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya na tsawon shekara biyar, saboda an yanka mata 50 a shekara ta yi ta zarcewa. Jami'a ce mai tsada, kuma tsadar ba ta ceci yaran ba.

Abin takaici, ɗan kasuwar Fagge da ba zai sayi dila guda ta atamfa ba sai ya kwance ya duba, shi ne zai zuba miliyoyi a makaranta saboda ya ga ginin bene da talla a Facebook. Hukumomin ma ba su wanke kansu ba, domin sai yara sun yi nisa a karatu sannan hukunci ke sauka.

Tambaya biyu ce kafin a taɓa aljihu: Majalisar ta amince da tsangayar shari'ar wannan jami'a, ba hukumar kula da jami'o'i ta NUC kaɗai ba? Kuma mutum nawa aka ɗauka bara idan aka gwada da adadin da aka yanka mata? Mai niyyar tura ɗansa Kwatano ko wata ƙasa ya sani cewa akwai ƙarin matakin share fage da zai yi a makarantar horarwa in ya dawo.

Akwai kuma tuntuɓen da ake yi tun daga sakandare. Yaro zai haddace darasin gwamnati da na addini, ya yar da adabin Turanci saboda makarantarsu ba malami, sai ranar cike fom ya ji cewa jami'o'i na neman kiredit a cikinsa. Wanda hakan ta same shi ya sake zama jarrabawar WAEC ko NECO. Mai difloma daga Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano kuma yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye a Jami'ar Bayero, inda ake haɗa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa a digiri ɗaya, matuƙar takardunsa na sakandare sun cika.