Lokaci da Ɗanɗanon Abin Sha na Tsiro: Misali daga Ƙasar Gobir

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda daɗewa ke sauya ɗanɗanon abin shan da ake yi da tsiron hatsi. Za a dubi burkutu da giyar kwalba, sa'an nan a nuna darasin da ke ciki ga masu kunun zaƙi a Sabon Birni da Isa.

2.0 Burkutu

Tun bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 giya ta ja baya a wannan yanki, ta fi saura wajen Arna na kewayen Tsibiri da Maraɗi. A shekarar 2000 kuma Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da Shari'a, wadda ta haramta ta. Duk da haka, nazarin yadda ake yin ta yana da amfani ga ɗalibin kimiyyar abinci.

Akan jiƙa dawa har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ruwan ya yi tsami, a sake dafawa, kana a bar shi ya tashi. Tsiro shi ke mayar da gasara sukari. Ƙwayoyin bakteriya su ke kawo tsami, yisti kuwa shi ke mayar da sukari barasa. Da yake ba a kashe waɗannan ƙwayoyi bayan an gama, aikinsu ba ya tsayawa. Da fari akwai zaƙi da kumfa, daga nan tsami ya rinjaya, cikin 'yan kwanaki kuma wasu ƙwayoyin su mayar da barasar ruwan khal.

3.0 Giyar Kwalba

Turawa sun magance wannan ta hanyar ɗumama abin sha don kashe ƙwayoyin, dabarar da Louis Pasteur ya fito da ita a Faransa a shekarun 1860. A 1883 Emil Hansen ya ware yisti tsantsa a kamfanin Carlsberg. Amma ko ta kwalba tana tsufa, domin 'yar iskar da ta maƙale ciki tana cin ta sannu a hankali. Masu ɗanɗana giyar ƙananan masana'antu a Turai da Amurka sun lura cewa ƙamshin furen hop shi ke fara gushewa, ɗaci ya ragu, daga baya warin jiƙaƙƙen kwali ya bayyana. Mai duhu da yawan barasa ta fi jure ajiya, zafi kuwa yana gaggauta lalacewar kowacce.

4.0 Kunun Zaƙi

Kunun zaƙi da burkutu danginsu ɗaya: hatsi, da tsiro, da tsami. Babban abin da ya raba su shi ne ba a ba kunu lokacin da yisti zai yi aiki. A watan Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a Isa da Sabon Birni, kunun da aka dama da safe yakan soma kumfa kafin wayewar gari. Hasarar mai sayarwa ke nan, kuma a nan shubuha take shigowa. Shari'a ba ta manta da wannan ba, domin ya zo cikin Sahihu Muslim cewa Annabi (S.A.W.) ba ya shan tsimin zabibi da ya wuce kwana 3.

5.0 Kammalawa

Ashe ɗanɗano ma'aunin lokaci ne: zaƙi, tsami, kumfa, kowane da matakinsa. Ya kamata malaman kimiyyar harkokin gida su koya wa ɗalibai gane waɗannan alamu, tare da wanke randa da ruwan zafi, da ajiya a wuri mai sanyi, da dama gwargwadon cinikin yini guda.