Koyar da Tsarin Daidaita Zafi a Tanderun Masana'antu da na Ɗakunan Gwaje-gwaje

Matsalar farko da malami zai ci karo da ita wajen koyar da wannan darasi da Hausa ita ce kalmar "zafi". Kalma ɗaya ce, amma kimiyya ta raba ta gida biyu: akwai makamashin da ke ratsawa daga wani abu zuwa wani, akwai kuma matsayin da ma'auni ke nunawa da digiri. Tanderu yana sarrafa na farko ne domin ya tsayar da na biyu. Bisa ga haka, shawararmu ita ce a keɓe "zafi" ga makamashin, a riƙa cewa "matakin zafi" ga abin da ake aunawa.

Tsarin ya ƙunshi mai ji, da mai hukunci, da mai ɗumamawa. Mai ji da aka fi amfani da shi a masana'antu shi ne tagwayen waya, watau wayoyi biyu na ƙarafa mabambanta da aka haɗa bakinsu. Idan mahaɗar ta ɗumama sai ta haifar da 'yar lantarki, kamar yadda Bajamushe Thomas Seebeck ya gano a 1821. Nau'in K yana aiki har sama da digiri 1000 na Salshiyas. Inda ake son awo mai tsauri kuwa, an fi son wayar filatinam mai suna Pt100, wadda turjiyarta ga lantarki ke ƙaruwa yayin da take ɗumama.

Wajen mai hukunci ne ya kamata malami ya dakata sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce kunnawa da kashewa, irin ta dutsen guga na lantarki. Aibinta shi ne ƙarfen ɗumamawa yana ci gaba da fitar da zafin da ya tara bayan an yanke masa wuta, sai matakin ya zarce iyaka, ya faɗo, ya sake zarcewa. Tsarin PID yana magance wannan ta duba abu uku: tazarar da ke tsakanin matakin da ake so da wanda ake kai, da tazarar da ta taru cikin lokaci, da saurin canjinta. Nicolas Minorsky ya tsara ka'idar a 1922 don tuƙin jiragen ruwa, Ziegler da Nichols kuma suka fitar da hanyar saita shi a 1942. Mai gurasa da ke janye itace tun kafin tanderunta ya kai yadda take so, wannan hisabin take yi, kuma misalinta ya fi lissafi saurin shiga kan ɗalibi.

Kuskure a nan yana da tsada. Ana busar da samfurin ƙasa a digiri 105. Kashe ƙwayoyin cuta a kayan gilashi yana buƙatar digiri 160 na awa biyu ko 170 na awa ɗaya, kuma ƙirgen yana farawa ne bayan kayan sun kai matakin. Shi ya sa ake sanya fanka don zafi ya game ko'ina, da makashi na biyu mai zaman kansa wanda zai yanke wuta idan na farko ya lalace.

A ganinmu, kunnawa da kashewa ya isa ga babbar sakandare, a bar PID sai kwalejin fasaha. Aikin gwaji kuwa ba ya buƙatar tanderu mai tsada: ɗalibai su jarraba ma'auninsu da ƙanƙara mai narkewa da tafasasshen ruwa. Sai dai malamin da ke Jos ya tuna cewa saboda tudun garin, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96 ne.