Tambaya a Bakin Kunya: Darasin Manoman Funtua ga Makarantunmu

Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi a tsakiyar damina, ya ga yadda masara da dawa da auduga suka lulluɓe ƙasa dama da hauni, in ya tsaya ya yi tafakkuri, zai tarar cewa galibin ilimin da ke riƙe da gonakin nan ba a aji aka biya shi ba, manoma ne suka tono shi da kansu ta hanyar lura da tambaya da jarrabawa, damina bayan damina.

A shekarar 1975, sa'ad da aka kafa shirin raya aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, malaman gona sun zo da ingantaccen irin masara da takin zamani. Amma manomi mai basira, ko da yake ya saurara da ladabi, bai saki na hannu ba sai da ya ware 'yan kunyoyi a gefen gona, ya shuka sabon iri daura da na gado, ya riƙa kewayawa yana duban kara da goyo, har kaka ta yi ya auna abin da kowanne ya ba shi. Da hujja ta tabbata, masara ta mamaye yankin. Tun gabanin haka ma, masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, cikinsu har da David Norman, sun yi nazarin gonakin ƙauyukan Zariya, suka gane cewa haɗa gero da dawa da wake a gona guda, al'adar da wasu ke ɗauka jahilci ce, hikima ce mai tsare gida daga asara idan damina ta yi gardama.

Dubi wuta-wuta, ciyawar nan mai kyakkyawan fure wadda ke tsumburar da dawa. Yaron da aka gaya wa cewa muguwar ciyawa ce, ya ji kawai. Amma wanda ya durƙusa ya tone gindinta a hankali, ya ga saiwarta manne da saiwar dawa tana zuƙe mata ruwa da abinci, lalle zai tambayi dalilin da ya sa take raguwa a gonar da aka yi auduga bara, kuma daga nan zai kai ga sanin cewa saiwar auduga tana sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro, alhali ba za ta iya kama saiwar audugar ba, sai ta mutu. Irin wannan sani ba ya gushewa bayan jarrabawa, domin gani ya kori ji.

Ba muna raina hadda ba ne, gama ita ce harsashin karatu a wurinmu tun kaka da kakanni; abin da muke tsoro shi ne a tsaya a kanta, har ɗalibi ya ɗauka tambaya rashin ladabi ce. Magabata ba haka suka fahimci ɗalibta ba. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya shahara a ilimin hisabi, ƙishirwar sani ce ta fitar da shi daga ƙasar Katsina, ya yi ta rihla har ya yi talifi a ƙasashen gabas, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Saboda haka muna kira ga malaman makarantun Funtua da Malumfashi da Bakori da Ƙafur, na boko da na Islamiyya, su ware wa yara ɗan fili a bayan aji inda za su shuka, su auna, su rubuta abin da suka gani, iyaye kuwa, idan yaro ya ce "Baba, me ya sa?", kada a kore shi da tsawa, a ce masa ya je ya duba, ya dawo a tattauna.